Shibbolet a Kasuwar Kado

Karatu: Littafin Mahukunta 12:1-7

Yau za mu yi magana a kan wani abu da kowannenmu yake ɗauke da shi duk inda ya tafi, ba ya kuwa iya rataye shi a ɗaki kamar hula. Abin nan shi ne karin harshe, wato yadda magana take fita daga bakin mutum. Za mu haɗa da sutura da kamannin fuska, gama tare suke aiki. Kafin ka ƙare gaisuwa an riga an yanka maka gari, an yanka maka kabila da addini, wani lokaci har da hali. Mu da muke da harsunanmu na gida, muna kuma sujada da ciniki da Hausa, mun san wannan abu a jikinmu.

Bari mu fara da labarin da ke cikin karatunmu. Yefta mutumin Gileyad ya yi yaƙi da Ammonawa ya ci nasara. Sai mutanen Ifraimu suka hayo kogi suka zo masa da fushi, wai don me bai kira su yaƙin ba, har suka yi barazanar ƙone gidansa da shi a ciki. Yefta ya amsa cewa ya kira su, su ne suka ƙi zuwa. Magana ta yi zafi. Ifraimawa suka zagi mutanen Gileyad, suka kira su gudaddu masu raɓe a ƙasar wasu. Aka gwabza, Ifraimawa suka sha kashi, suka juya za su koma gida ta mashigin Kogin Urdun. Ashe mutanen Gileyad sun riga su kama mashigin.

To, yaya za a gane mutumin Ifraimu? Fatarsu ɗaya, tufafinsu iri ɗaya, harshensu ɗaya, Allah ɗaya suke kira. Sai aka samo dabara. Duk wanda ya zo hayewa ya yi musun asalinsa, sai a sa shi ya faɗi kalma guda, shibbolet. Kalmar tana nufin zangarniyar hatsi, ko kuwa ruwa mai gudu, amma ba ma'anar ake nema ba. Bakin mutumin Ifraimu ba ya kama sautin farkon kalmar, sai ta fito masa sibbolet. Nan take a kama shi a yanka. Littafin ya ce mutum 42,000 na Ifraimu suka hallaka a wannan lokaci.

Ku lura, waɗannan mutane 'yan'uwa ne. Gileyad daga zuriyar Manassa yake, Manassa da Ifraimu kuwa 'ya'yan Yusufu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ku lura kuma, kafin a zare takobi, da baƙar magana da raini aka fara. Littafin bai yabi kowa a kan abin da aka yi a mashigin ba. Ya ba da labarin kawai, sa'an nan ya ce Yefta ya shugabanci Isra'ila shekara 6 ya mutu.

A KASUWAR KIFI

Yanzu mu bar Urdun mu zo Abuja. Wanda ya san birnin ya san Kado, unguwar da ke maƙwabtaka da Jabi da Life Camp da Gwarinpa, inda babbar kasuwar kifi take. Je ka tsaya a kasuwar nan ranar Asabar da safe ka kasa kunne. Za ka ji Hausa, ka ji Turancin buroka, ka ji Yarbanci da Ibo da Nufanci da Gbagyi, duk a layi ɗaya. Mai kifi ba ya jira ka yi magana. Daga nesa yake auna ka. In ya hango mace da mayafi sai ya ce, "Hajiya, ga na yau." In ya ga mutum da jar hula sai ya juya zuwa buroka ya kira shi Oga. In ya ga kaftani da hular zanna, Malam ne ko Alhaji. Wanda kuwa ya fito daga babbar mota yana Turanci ta hanci, kuɗin da za a faɗa masa dabam ne. Ba mugunta ba ce ta sa shi haka, sana'a ce ta koya masa, sau da yawa kuma yakan canka daidai.

Amma yakan yi kuskure. Hajiyar nan mai mayafi tana iya zama shugabar zumuntar mata, 'yar Zuru ko 'yar Wusasa. Alhajin mai kaftani fasto ne daga Billiri. Saurayin nan mai wandon jins da Turanci mai santsi Musulmi ne ɗan birnin Kano. A kasuwa kuskuren ba ya wuce dariya, sai a gyara a ci gaba da ciniki. A wani wuri kuwa wannan kuskure ɗin yana hana mutum gidan haya, yana hana shi aiki, yana hana shi aure.

Ko sunan unguwar ma ya ishe mu misali. Mutumin Sakkwato ko na Maraɗi in ya ji kado, dabbar ruwan nan da Bakano ke kira kada zai fara tunawa. In kuwa ka lanƙwasa harafin tsakiya ka ce Kaɗo, to ka faɗi sunan da Fulani ke kiran wanda ba Bafillace ba, jam'insa Haɓe. Ɗan lanƙwasa guda ya raba kalmomin.

MASU ƘASA DA SUNAN DA AKA BA SU

Kafin a zuba kwalta a wannan yanki, akwai mutane a ciki. Akwai Koro da Gade da Gwandara da Ganagana da Bassa da wasu, amma mafi yawa su ne Gbagyi, waɗanda kuma suke zaune a jihohin Neja da Kaduna da Nasarawa da Kogi. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Yankin Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Ɗaya daga cikin dalilan zaɓen wurin shi ne ba ya hannun ko ɗaya daga cikin manyan kabilun ƙasar. Gwamnati ta taso daga Legas ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991. Ƙauyuka da yawa an tashe su, waɗansu kuma birni ya zo ya kewaye su da manyan gidaje, gonakinsu suka tafi. Sai a 2023, shekara 47 bayan kafa yankin, aka naɗa ɗan asalin wurin minista na farko, wato Zephaniah Jisalo.

Su suna kiran kansu Gbagyi ko Gbari. Bahaushe yana kiransu Gwari, mutum ɗaya Bagware. Daga wannan suna ne Hausa ta samu kalmar gwaranci. Kun san ta sarai. In yaro yana koyon magana ana cewa yana gwaranci. In mutum ya mai da mace namiji a cikin zance, ya ce "matata ya zo", ana cewa ya yi gwaranci. Wato sunan al'umma guda ya zama sunan rashin iya magana. A labarin Bayajidda da ake koya wa yara a makaranta ma, an sa ƙasar Gwari a cikin banza bakwai. A finafinan barkwanci kuma, in ana so a ba mutane dariya, sai a fito da Bagware da karyayyar Hausarsa.

Ga abin mamaki a nan. Me ya sa aka ce Gwari ba a ce Gbari ba? Domin Hausa ba ta da sautin gb, wanda ake haɗa leɓe da bayan harshe a furta shi gaba ɗaya. Bakin Bahaushe ya kasa kama shi, sai ya sauya shi da gw. Ashe sunan da ake yi wa mutanen nan ba'a da shi, shi kansa sibbolet ne a bakin mai ba'ar. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Wannan hali ba na Bahaushe kaɗai ba ne. Helenawan dā duk wanda ba ya jin harshensu suna kiransa barbaros, wai maganarsa ba ta wuce bar-bar a kunnensu. Sunan nan Inyamuri da ake kiran Ibo da shi a arewa, ana cewa daga yadda suke roƙon ruwan sha da harshensu aka samo shi. A kudu kuma kalma mai daɗi, aboki, ta koma sunan raini ga duk ɗan arewa. Mu ma in muka shiga gida muka rufe ƙofa, kowace kabila tana da sunan da take kiran maƙwabciyarta da shi wanda ba za ta so a faɗa a rediyo ba.

Saboda haka ne al'ummai da yawa suka tashi suka karɓo sunayensu na ainihi. Kaje suka ce su Bajju ne, Katab suka ce Atyap, Jaba suka ce Ham, Kadara suka ce Adara, Sura suka ce Mwaghavul, Yergam suka ce Tarok, Sayawa suka ce Zaar. Waɗansu suna ganin wannan ɓata lokaci ne. A ganina ba haka ba ne. Wanda ya koyi kiran mutum da sunan da mutumin yake so, ya riga ya fara girmama shi, ko da harshensa ya yi tuntuɓe a kan sunan.

In kana da takardar Naira 20 a aljihu, fito da ita ka duba, ko da yake yanzu ba ta sayen abin kirki. A gaba hoton Murtala ne, wanda ya kafa birnin. A baya kuwa wata mata ce tana ginin tukunya. Sunanta Ladi Kwali, Gbagyi ce daga garin Kwali. Ba ta yi makarantar boko ba. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohon garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja. Aikin hannunta ya kai ta Ingila da Amurka, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin dakta na girmamawa. Ta rasu a 1984. Wanda ya gamu da irinta a hanyar kasuwa, da kaya a kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi suke ɗauka, me zai fara cewa a ransa?

ME YA SA HARSHE YAKE MAƘALEWA?

Waɗansu suna tsammani rashin ƙwaƙwalwa ne ko lalaci yake sa mutum ya shekara 30 yana Hausa amma ƙ da ts su ƙi zama a bakinsa. Masu binciken harshe sun nuna ba nan matsalar take ba. A 1984 wasu masana biyu a Kanada, Janet Werker da Richard Tees, suka gwada jariran da a gidajensu Turanci kaɗai ake yi. 'Yan wata 6 zuwa 8 suna rarrabe waɗansu sautuka na harshen Hindi na ƙasar Indiya, waɗanda manya masu jin Turanci ba sa jin bambancinsu. Amma kafin su cika shekara guda yawancinsu sun daina. Kunne ya riga ya zauna a kan sautukan gida. Tun mutum yana goye ake shata masa hanyar da harshensa zai bi, harshen da ya koya daga baya kuwa a kan wannan hanya zai hau. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Shi ya sa kowa yake da shibbolet nasa. Bahaushe in ya shiga Turanci, p da f sukan sarƙe masa. Mutumin Ibadan yakan mai da sh ta koma s, daidai da mutumin Ifraimu. Mutanen Tiv da yawa l da r sukan haɗe musu. A cikin Hausa kanta, Basakkwace yana cewa hwara inda Bakano ke cewa fara, Bazazzagi yana cewa motan inda Bakano ke cewa motar, suna ta yi wa juna dariya.

Wani bincike kuma ya fi wannan ban tausayi. A 1960, a birnin Montreal na Kanada, Wallace Lambert da abokan aikinsa suka ɗauki muryar mutanen da suka iya Turanci da Faransanci duka biyu, kowa ya karanta abu ɗaya da harsunan biyu. Aka kunna wa ɗalibai, ba a gaya musu cewa mutum ɗaya ne yake magana sau biyu ba. Ɗaliban suka ce masu Turancin sun fi hankali, sun fi cancantar a dogara gare su, har ma wai sun fi tsayi. Ɗalibai masu jin Faransanci su ma haka suka ce, suka ƙasƙantar da muryar nasu. Raini in ya daɗe, wanda ake rainawa yakan karɓe shi ya riƙa raina kansa. Ba mu ga haka a cikinmu ba? Harshen wani muna kiransa harshe, namu kuwa mu ce yare, muna faɗa muna sunkuyar da kai.

BITRUS A BAKIN WUTA

Turawan mishan da suka shigo ƙasashenmu a farkon ƙarni na 20 sun tarar da harsuna barkatai, sai suka kama Hausa domin ita ce harshen kasuwa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Da ita aka koyar da masu bishara, da ita aka yi littafin waƙoƙi, da ita iyayenmu suka yi baftisma. Yau Tangale da Kilba da Ham in suka haɗu a Abuja, da Hausa za su yi addu'a tare. Hausar nan ta zama tamu, amma da kamannin bakinmu. Mutum yakan hau bagadi ya ce Littafi Mai Sarki yana nufin Mai Tsarki, ya ce a saya yana nufin a tsaya, ya ce karya yana nufin ƙarya. Mai karatu a gaban jama'a ya kamata ya yi ƙoƙari ya gyara inda ma'ana za ta sauya, wannan hidima ce ga masu ji. Amma kada kowa ya ƙi yin addu'a a fili domin tsoron dariya.

Ku tuna da Bitrus a daren da aka kama Yesu, kamar yadda Matiyu sura 26 ya ba da labari. Ya bi daga nesa har farfajiyar gidan babban firist. Ya yi musu sau biyu. A na uku sai waɗanda ke tsaye suka ce masa maganarsa ta nuna inda ya fito. Mutanen Urushalima sun san bakin Galilawa, suna kuma yi masa ba'a. A littattafan malaman Yahudawa akwai labarin barkwanci na wani Bagalile da ya shiga yana cigiyar wani abu, aka kasa gane ko jaki yake nema, ko ruwan inabi, ko ulu, ko ɗan rago, domin kalmomin huɗu sun zama ɗaya a bakinsa. Bitrus ya yi rantsuwa ya yi la'ana don ya ɓoye kansa, amma da bakin Galili ya yi rantsuwar.

Bayan mako 7, a ranar Fentikos, mutumin nan ya miƙe a cikin birnin nan ya yi wa'azi. Taron ya yi mamaki da ya ga masu maganar duk Galilawa ne, ga shi kuwa kowa yana ji da harshen da aka haife shi a ciki. Mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya a ranar. Kada kuma mu manta, Yesu kansa a Nazarat ta Galili ya yi girma, a tsakiyar masu wannan karin harshe.

RIGA DA FUSKA

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Akwai gaskiya a ciki in ana maganar fushi ko murna. Amma in ana maganar halin mutum, fuska maƙaryaciyar shaida ce. A 2006 masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka suka nuna wa mutane hotunan fuskoki na kashi ɗaya cikin 10 na daƙiƙa kawai. A ɗan wannan lokaci mutanen sun riga sun yanke ko mai fuskar abin amincewa ne. Da aka ƙara musu lokaci, hukuncin bai sauya sosai ba, sai dai suka ƙara sakankancewa da shi. Annabi Sama'ila ma ya faɗa wannan tarko a gidan Yesse. Ganin tsayin Eliyab da kwarjininsa ya sa ya ɗauka ya sami sarki, sai da Ubangiji ya tsai da shi aka aika jeji aka kirawo autan da ke kiwo.

A dā tsagar fuska ita ce katin shaida, da gani ka san Bagobiri ko Babarbare ko Banufe. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga, al'adar kuma tana ta ɓacewa. Yanzu riga da gemu da suna su ne suka gaji aikin, ba su kuwa iya shi ba. Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, Ngas ne, Kirista, ya yi girma a Wusasa da Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Yakubu Dogara, kakakin Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019, Zaar ne daga Bogoro ta Jihar Bauchi, Kirista. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan ƙasar Zazzau ne, Kirista. Akwai kuma dubban Hausawa masu bi a ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa. Irin waɗannan in suka shigo majami'armu a Abuja da babbar riga da tsantsar Hausa, sau nawa mai tsaron ƙofa yake tsare su da tambayoyi, jama'a kuma suna waiwaye?

An yi wa Bulus irin wannan a Ayyukan Manzanni sura 21. Da taro ya tasam masa a Haikali, shugaban sojojin Roma ya ɗauka shi ne wani Bamasare da ya ta da tawaye ya ja mutum 4,000 zuwa jeji. Sai da Bulus ya yi masa magana da Helenanci ya gane ya kama wani dabam. Daga nan Bulus ya tsaya a kan matakala ya juya ga taron da harshen Yahudawa, suka ƙara yin tsit. Harshe ɗaya ya buɗe masa kunnen soja, ɗayan ya buɗe na jama'a. Bai ɓoye asalinsa ga kowa ba, ya faɗa a fili cewa shi Bayahude ne mutumin Tarsus. Mu da muke da harshe uku ko huɗu a baki, wannan baiwa ce a hannunmu.

Amma ba kowa ake ba zarafin buɗe baki kamar Bulus ba. A rikicin Kaduna na Fabrairu 2000 da na Jos na Satumba 2001 an tare hanyoyi ana duban riga, ana tambayar suna, ɓangarorin biyu kuwa duk sun yi haka. A hanyar Damaturu zuwa Maiduguri 'yan ta'adda sun sha tsai da motoci suna duba katin shaida suna ware Kirista. A watan Maris 2025, a Uromi ta Jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan arewa da suka taso daga Fatakwal za su Kano. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16 ba a kai su gaban alƙali ba. Ɗanka da yake aikin gadi a kudu, wanda ake kira aboki kamar kowa, da yana cikin motar nan wa zai tsaya ya tambaye shi sunan ikkilisiyarsa? A watan Yuni 2025 kuma, matafiya daga Zariya da za su ɗaurin aure suka ɓata hanya a Ƙaramar Hukumar Mangu ta Jihar Filato, aka far musu, fiye da mutum 10 suka mutu. Mutanen Mangu sun sha hare-hare, sun binne nasu da yawa, wannan gaskiya ne. Amma waɗanda ke cikin motar nan biki za su. Kama da wane ba wane ba ne. Jini ne na marasa laifi, an kuma zubar da shi a ƙasar da majami'u suka cika.

A CIKIN GIDA DA IKKILISIYA

Iyaye, ga wata magana taku. Yaron da aka haifa a Kado ko Kubwa ko Nyanya yana tashi da Turanci da Hausa. Lokacin Kirsimati a kai shi gida Kagoro ko Pankshin ko Mubi. Ya yi ƙarfin hali ya gai da kaka da harshen gida, muryar ta fito a karkace, tsakar gida ta fashe da dariya, a ce ɗan Abuja ya zo. Yaron nan ya rufe bakinsa ke nan, ba zai ƙara gwadawa ba. Bayan shekara 20 mu ne za mu zauna muna kuka cewa harshenmu yana mutuwa. Abin da aka yi mana a kan Hausa, shi muke yi wa 'ya'yanmu a kan harshen kakanninsu. In ya faɗa a karkace, a amsa masa gaisuwar tukuna, a maimaita masa daidai, a ƙara masa wata kalma. A gida kuma uwa ta riƙa aikensa da harshen, uba ya riƙa addu'ar cin abinci da shi.

Ikkilisiyoyinmu da yawa a Abuja suna da sujadar Hausa da sujadar Turanci. Wannan tsari yana da amfani, gama kowa ya kamata ya ji Maganar Allah da harshen da yake fahimta. Amma ku duba su wa ke zama a kowacce. A ta Turanci za ka sami manyan ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa. A ta Hausa za ka sami masu gadi, da leburori, da masu aikin gida, da gwauraye, da waɗanda rikici ya koro daga ƙauye. Wace sujada ce ake ba lokaci mai kyau? Daga wacce ake zaɓen ma'aji? In za a yanke shawara a kan kuɗin taimako, da wane harshe ake taron, wa kuma yake iya ɗaga hannu ya yi magana ba tare da jin kunya ba?

Ikkilisiyar farko ta gamu da wannan a Ayyukan Manzanni sura 6. Masu bi duk Yahudawa ne, amma waɗansu harshen gida suke yi, waɗansu kuwa sun yi girma a ƙasashen waje, Helenanci ne a bakinsu. Masu Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kowace rana. Manzanni ba su ce ƙarya ne ba, ba su kuma ce masu kukan suna raba kan ikkilisiya ba. Suka tara jama'a suka ce a zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida a danƙa musu aikin. Jama'a suka zaɓi Istifanas, da Filibus, da Burokoras, da Nikanar, da Timan, da Barminas, da Nikolas mutumin Antakiya, wanda ma ba a haife shi Bayahude ba. Duka bakwai ɗin sunayen Helenanci ne da su, su aka danƙa wa mabuɗin rumbu.